Yadda ake rage wutar batirin sigarin lantarki don caji ya daɗe, da inda lissafin ke yaudarar mutum

Ɗan yayata direban kai kaya ne a Jidda. Yana fita daga Gulail bayan sallar Asuba, wata rana sai ya dangana da Makka ya dawo, ba ya ganin gida sai bayan Isha. Shekara biyu ke nan da ya bar karan sigari ya koma na lantarki, wannan da samarin nan ke kira feb, wasu kuma su ce sahba. Wata Juma'a ya same ni a ƙofar gida ina fama da wata fanka, ya ajiye min na'urar tasa da wani ɗan dayod, ƙaramin kayan lantarki mai barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, da ya ciro daga matacciyar caja.

"Kawu, don Allah ka dasa min wannan a ciki. An ce yana rage wutar, batirin ya kai ni dare. Yanzu tun kafin La'asar ya mutu."

Na ce masa ya mayar da dayod ɗinsa aljihu. Wanda ya gaya masa rage wuta na sa caji ya daɗe bai yi ƙarya ba, hanyar da ya ba shi ce za ta iya ƙona masa cinya. Abin da na yi masa ranar shi zan shimfiɗa a nan. Amma kafin nan, ni ban taɓa ce wa wanda ba ya sha ya fara ba. Nikotin kamu ne mai wuyar saki, kuma matsayin malaman ƙasar nan, Saudiyya, kan taba ba ɓoyayye ba ne. Wannan bayani na baligin da abin ya riga ya shiga hannunsa ne, gara ya san yadda zai riƙe shi da ya dinga bin ji-ta-ji-ta.

Da farko ka san irin na'urar da ke hannunka

Iri uku ne ke yawo, kuma kowanne da yadda ake bi da shi. Akwai babba mai allo, wanda ake kira mod, da maɓallin ƙari da na ragi, yana nuna maka wat, wato ƙarfin wutar da yake ci. Akwai siriri kamar biro, wanda ake murza gindinsa ko a danna maɓallinsa sau uku ya canza launi, wannan bolt yake canzawa. Sai kuma ƙaramin nan da ba shi da saiti ko ɗaya, ka zuƙa ya kama da kansa. Wanda ake sha a yar idan ya ƙare ba ya cikin maganarmu. Kada ka fasa shi, babu abin da za ka gyara a ciki, batirin ciki kuwa laushi gare shi, tsinken sukudireba ya huda shi sai wuta.

Daga nan cire koyil ɗin, wato ɓangaren da ke zafafa ruwan ya zama tururi, ka duba jikinsa. Za ka ga an rubuta lambobi biyu da ƙananan baƙaƙe: ɗaya na om, wato taurin da koyil ke yi wa wuta, misali 0.6 ko 1.2, ɗayan kuma iyakar wat da kamfanin ya yarda a kunna shi, misali 10 zuwa 14. Rubuta su a takarda. Sai ka nemi girman batirin, lambar da ake bi da mAh, a jikin na'urar ko kwalinta. Idan batirin na cirewa ne, galibi 18650 ne, wato faɗinsa milimita 18, tsawonsa 65. Duk batiran nan na litiyam ne: a cike suna bolt 4.2, yawancin aikinsu suna yin sa ne a wajen 3.6 zuwa 3.7, na'urar kuma takan yanke wuta ta ce batir ya ƙare idan ya sauko wajen 3.2.

Lissafin da komai ya rataya a kansa

Abin da ke cinye batir shi ne wat, ba bolt kai tsaye ba. Wat kuwa ana samun sa ne idan ka ninka bolt da kansa sannan ka raba da om ɗin koyil. Ninka shi da kansa ɗin nan shi ne sirrin, domin shi ya sa ɗan ragi kaɗan a bolt ke zama babban ragi a wat.

Ɗauki koyil mai om 1.2, irin na ɗan yayata. A bolt 4.2 yana cin wat 14.7. Ka sauke shi zuwa 3.7, ya koma wat 11.4. Bolt ɗin kashi 12 cikin ɗari kawai ka rage, amma cin wutar ya ragu da kashi 22. Ka ƙara saukewa zuwa 3.3, ya zama wat 9.1, kusan kashi 38 ke nan ya tafi. Masu murza biron nan har ƙarshe, zuwa 4.8, suna tura wa koyil ɗin wat 19.2, ya ninka na 3.3 har da ɗori, sannan su zo suna cewa an sayar musu da jabun batir.

Yanzu mu mayar da shi zuƙa, tunda da ita mai sha yake ƙirga yininsa. Batir mai mAh 1000 a bolt 3.7 yana ɗauke da abin da zai kunna wat 3.7 na awa guda. Ba duka ke isa koyil ba, fanel ɗin ciki mai sarrafa wutar yana cin nasa, kuma na'urar tana yankewa kafin batirin ya tsotse ƙarƙaf. Ni a lissafina nakan ɗauki kashi 85 cikin ɗari. Idan kowace zuƙa daƙiƙa 3 ce, a wat 14.7 za ka samu zuƙa kusan 250. A wat 11.4 kusan 320. A wat 9.1 kusan 400. Batir ɗaya, caji ɗaya.

Da na kai nan sai yaron ya washe baki, ya ce to a kai shi ƙasa gaba ɗaya mana. Na ce tsaya, ba a nan gizo ke saƙar ba. Idan ka rage wuta, tururin yana raguwa, nikotin ɗin da ke cikin kowace zuƙa ma yana raguwa. Jikinka kuma ya san adadin da ya saba, ba ruwansa da lissafin Kawu. Ba tare da ka lura ba sai ka fara jan zuƙar tana tsawo. Ka ce daƙiƙa 3 ta koma 5 a wat 9.1 ɗin nan: zuƙa 400 ta dawo kusan 240. Ka ga ka koma ƙasa da inda ka taso, ga tururi mai sanyi mara daɗi, an yi ba a yi ba. Saboda haka abin da ake nema shi ne wuta mafi ƙanƙanta da ba za ta sa ka tsawaita zuƙa ba, kuma wannan babu wanda zai faɗa maka lambarsa, sai ka gwada.

Yadda ake gwajin

Kwana biyun farko kada ka taɓa komai. Cika caji da safe, ka duba agogo, ka yi shanka yadda ka saba, ka rubuta lokacin da ya mutu. Yawancin masu allo suna da ƙirgen zuƙa, wasu har da tsawon zuƙar ƙarshe a daƙiƙa. Mayar da ƙirgen sifiri da safe, ka rubuta abin da ya nuna lokacin da batirin ya yanke. Mutane suna tsallake wannan mataki don suna ganin ɓata lokaci ne, daga baya kuma su kasa sanin ko ragin ya yi amfani ko zuciyarsu ce ke raya musu.

A rana ta uku ka rage kaɗan. Idan ƙaramin koyil ne mai om 1 ko sama, wat ɗaya ya isa. Idan babba ne mai cin wat 40 ko 60, rage 3 zuwa 5. Mai biro ya sauke bolt 0.1 ko 0.2, ko ya koma launin da ke ƙasa da wanda yake kai. Launukan nan kowane kamfani da nasa tsarin, a wani kore ne mafi ƙasa, a wani fari ko shuɗi, don haka duba takardar da ta zo cikin kwali, kada ka ari na abokinka. Ka yini a kan sabon saitin cur. Zuƙa goma ta farko za ta yi maka salam, wannan sabo ne, zuwa Azahar harshe ya daidaita.

Gobe ka sake ragewa, haka har ka ga ɗaya daga alamun nan. Na'urar ta fara ƙarar gurgur kamar shisha, ko ruwa yana tsartowa bakinka, ko ka ga yana tsiyaya ta kafar iska. Ma'anarsa koyil ba ya ƙona ruwan da audugar ke kawo masa, ya taru ya yi ambaliya. Ko kuma ka ga daƙiƙun zuƙarka a allo sun haura, ko hannunka ya fi yawan komawa aljihu. Ko wanne ka gani, koma mataki ɗaya sama ka tsaya a nan. Galibi wurin tsayawar yana kusa da ƙaramar lambar da aka rubuta jikin koyil. Ƙasa da ita ba riba.

Da ka rage wuta, ka ɗan tsuke kafar iska. Iska mai yawa a kan wuta kaɗan ita ke sa tururin ya yi sanyi ya rasa ɗanɗano, shi ke tura mutum ga doguwar zuƙa. Ruwan ma yana da nasa. Wanda aka rubuta 50/50 a kwalbarsa ya fi dacewa da ƙaramar wuta da koyil mai om sama, mai kauri na 70/30 kuwa an yi shi ne don manyan koyil masu cin wuta. Wani zai ce maka ka ƙara ƙarfin nikotin don cike giɓin. Batirin zai ji daɗi, kai ne za ka ƙara ɗaurewa, ni ban ba ɗan yayata wannan shawarar ba.

Sauran ƙananan abubuwa a mai allo: idan akwai zaɓin ƙarfin tashi, mai laushi ko matsakaici ko mai ƙarfi, bar shi a matsakaici, domin mai ƙarfin yana ɗora wat a farkon kowace zuƙa. Rage hasken allo. Danna maɓalli sau biyar ka kashe shi kafin ka sa a aljihu, don ba sau ɗaya ba na ga wanda bel ɗin mota ya danne masa maɓalli ya ƙone auduga.

Wanda na'urarsa ba ta da saiti

Nan koyil ne maɓallinka. Tunda na'urar tana tura abin da batir ya ba ta ne, ko wani bolt tsayayye da aka ɗaure ta a kai, om ɗin koyil shi ke yanke yawan cin wuta. A bolt 3.7, mai om 0.6 yana cin wat 22.8, mai om 1.2 yana cin 11.4, rabi daidai. Yawancin kamfanoni suna yin kan na'ura ɗaya da om biyu ko uku, ka tambayi mai shago wanda ya fi om sama a cikin waɗanda aka yi wa taka. Wannan ita ce hanya mafi arha, tunda koyil dama abin canzawa ne.

Ga wani abu da ke rikita masu babban mod: idan kana kan saitin wat, canza koyil kaɗai ba ya rage cin batir. Wat 30 wat 30 ne, ko a om 0.2 ko a 0.5, fanel ɗin zai daidaita bolt ya fitar da abin da ka nema. Amfanin koyil mai om sama a wurinka shi ne an ƙera shi ya yi aiki da kyau a ƙaramin wat, sai ka sauke lambar da hannunka.

Manyan mod suna da wata ribar da lissafin sama bai nuna ba. Batir yana da ɗan taurin kansa a ciki, a ce om 0.02. Idan kana jan amp 20, amp kuwa shi ne yawan wutar da ke gudana, bolt ɗinsa yana faɗuwa da 0.4 a lokacin zuƙa, kuma wat 8 na zama zafi a cikin batirin kansa. Na'urar tana ganin bolt ya faɗi sai ta ce batir ya ƙare alhali da saura. A amp 10 faɗuwar 0.2 ce, zafin kuma wat 2. Wato da ka rage wuta, kana samun damar kwashe abin da ke ƙasan tukunyar. Kuma kowane batir da iyakar amp ɗinsa: Samsung 30Q amp 15 ne da mAh 3000, Samsung 25R amp 20 da mAh 2500. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce wat 3 ga kowane amp a batir ɗaya, mai amp 15 kada ya wuce wat 45, mai 20 kada ya wuce 60. Wanda ya sauko wat 40 sai ya samu damar komawa batir mai mAh da yawa, riba biyu ke nan. Duk 18650 da ka ga an rubuta masa mAh 5000 ko 9900 ƙarya ce aka buga a leda, na gaskiya ba sa kaiwa haka.

Dalilin da ya sa na ƙi dasa dayod

Dayod na silikon yana cinye kusan bolt 0.7 daga duk wutar da ta ratsa shi. A takarda abin gwanin sha'awa: 4.2 ya koma 3.5, koyil mai om 1.2 ya sauko wat 10.2. Amma ina 0.7 ɗin ya tafi? Amp 2.9 ke bi ta wurin, wato wat 2 na zafi a cikin wani abu da bai kai ƙwayar wake ba, manne da batirin litiyam, cikin roba. Kashi ɗaya cikin shida na cajinka ka ƙona a banza. Wanda yaron ya kawo ma irin 1N4007 ɗin nan ne da ke cike a durowar kowane mai gyara, amp 1 kawai aka yi shi ya ɗauka. Resista ma haka take, sai dai ta canza sunan asarar.

Sannan dayod ba shi da hankali. Da safe yana cire 0.7 daga 4.2, da yamma batir ya sauko 3.6 yana nan yana cire 0.7 ɗinsa, koyil ya samu 2.9, wat 7, tururi ya mutu alhali batir da sauransa. Fanel ɗin da ke cikin na'ura mai saiti ba haka yake aiki ba. Yana kunna wutar yana kashewa da saurin gaske, ya sauke bolt ba tare da ya ƙona rarar ba, asararsa kaɗan ce. Koyil mai om 1.7 kuwa zai ba ka wat 10.4 a bolt 4.2 ba tare da ka kunce ko noti ɗaya ba.

Akwai masu cewa a sa batirin nan na bolt 3.2 da ake amfani da irinsa a sola. Kada ka yi. Na'urar za ta ɗauka mataccen batir ne, cajarta kuma za ta tura shi 4.2 alhali iyakarsa wajen 3.6, ga shi ɗaukarsa ba ta kai ta wancan ba. Haka kuma kada a haɗa rage wutar fita da rage caji. Cire batir daga caja kafin ya cika, a ce a 4.1, yana ƙara masa tsawon rai na watanni, amma yininka zai gajarta da kusan kashi ɗaya cikin goma. Abu biyu ne daban.

Ta fuskar lafiya ma ƙaramar wuta ta fi. A watan Janairun 2015 wasu masu bincike a wata jami'a da ke Portland a Amurka sun gwada na'ura ɗaya a bolt 3.3 da kuma 5.0, suka samu sinadaran fomaldehaid masu yawa a 5.0, a 3.3 kuwa ba su gano su ba. An soki gwajin da cewa a 5.0 koyil ɗin ya yi zafin da babu mai iya shan hayaƙinsa. Ko da hakan ne, ɗacin ƙonanniyar auduga da kake ji idan ka cika wuta alama ce ta cewa ruwan ya fara rikiɗa zuwa wani abu, ka saki maɓalli.

Zafin ƙasar nan

Duk abin da ka tara da rage wuta, rana ɗaya a gaban gilashin mota za ta iya kwashe shi. Waɗanda suka yi aikin Hajjin 2024 sun san an auna sama da digiri 51 a Makka, motar da aka rufe a rana kuwa cikinta ya fi waje zafi nesa. Batirin litiyam ba a yi masa caji sama da digiri 45, aikinsa ma iyakarsa wajen 60. Zafi yana tsufar da shi, mAh 3000 ya koma abin da bai kai ba, kuma ba ya dawowa. Ruwan ma yana tsinkewa ya tsiyaye, sai mutum ya ɗauka ragin wutar ne ya jawo. Na tambayi ɗan yayata inda yake ajiye tasa idan ya shiga sauke kaya, ya sunkuyar da kai. A kan dashbod, jone da caja.

Idan batirinka na cirewa ne, duba ledar jikinsa duk lokacin da za ka sa shi. Gangar jikin ƙarfen gaba ɗayanta ɓangaren wuta ɗaya ne, ledar nan ce kaɗai ta raba ta da kan batirin. Ta yage ko kaɗan, a sake masa riga ko a ajiye shi. Kada ka jefa shi aljihu tsirara tare da makulli ko silallan riyal, akwai ɗan akwatin roba da ake sayarwa don haka. Na hannu da ake zubewa a haraj, kasuwar gwanjo, ka bar musu kayansu, yawanci daga tsofaffin kwamfutoci aka ciro su, ba a yi su don jan amp mai yawa ba. Mai mod mai batir biyu ya saye su tare, iri ɗaya, ya dinga yi musu caji tare. Tun 2019 aka ɗora harajin kashi 100 kan na'urorin nan da ruwansu a Saudiyya, na san tsadar ce ke tura mutane ga na bayan fage, amma a batir ba a neman araha.

Mai tafiya gida ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz ya sani na'urar da batiranta a jakar hannu suke tafiya, ba a auna su cikin kaya, kuma ba a kunna su ko a yi musu caji a jirgi. Juye ruwan tankin kafin ka hau, canjin iska a sama yana matso shi waje. A harabar Harami da masallatai da ofisoshi kuma hukuncinta hukuncin sigari ne, a kashe ta a bar ta a jaka.

Shi ɗan yayata mun sauke shi daga wat 15 zuwa 12 cikin kwana huɗu, a 11 ta fara yi masa gurgur muka dawo. Ya tsuke iska, ya daina barin ta a dashbod. Bayan mako biyu ya aiko min da saƙon murya cewa yanzu tana kai shi Magariba, ranar da aiki ya yi yawa har Isha. Na ce masa madalla, na kuma tura masa 937, lambar Ma'aikatar Lafiya, inda ake haɗa mutum da asibitin taimakon masu son barin taba. Ya turo min hoton dariya, ya ce, "Kawu, a hankali dai."